Mai Garkuwa a Bangon Gwaggo

A shekarun da nake aiki, duk lokacin da aka turo mana ɗalibai su koyi aikin ɗakin gwaje-gwaje, tambayar farko da suke yi mini ita ce wai da gaske ne gwamnati tana biyana albashi don in kama kwaɗi. Nakan ce da gaske ne. Sai su dubi juna su yi murmushi, wato sun gano aikin da ya fi kowanne sauƙi a birnin Katsina. Daga nan nakan miƙa wa mafi surutunsu koma da bokiti, in ce ya kawo mini talibambam goma masu rai, waɗanda ƙafafunsu na baya suka fito amma na gaba ba su fito ba. Har na yi ritaya, ba wanda ya dawo da goma. Wani ya dawo da uku, wani ya dawo da ƙaiƙayi, wani kuma ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya.

Sunan aikin a takarda shi ne mai tattara samfur. Ni ne nake samo wa wata kwalejin horar da malamai duk halittar da za a ɗora a kan tebur a koyar da ita: fara, kyankyaso, tana, kwaɗo, ƙadangare, da ƙananan halittun ruwa. Makarantun sakandare ma sukan aiko idan jarrabawa ta matso, kullum a makare, kullum suna son abin da ba lokacinsa ba ne. Akwai wani shugaban makaranta da ya aiko mini da wasiƙa mai hatimi a tsakiyar rani yana neman talibambam arba'in kafin Alhamis. Na mayar masa da amsa cewa na isar da saƙonsa ga kwaɗi, sun ce sai an yi ruwa.

Kayan aikin ba su da yawa. Koma ce da muke ɗinkawa da yadin gidan sauro a kan zoben waya, da bokiti, da dogon takalmin roba, da hantsaki, da farin faranti mai zurfi, da madubin ƙara girma na hannu, da kwalabe, da sifirit na adana gawar halitta. Sai fensir. Ranar da na fara aiki a hannun Malam Ɗahiru, wanda ya koya mini sana'ar, ya ba ni wata fara a kwalba ya ce in rubuta inda aka kama ta da ranar, in jefa takardar a cikin sifirit tare da ita. Na zaro birona sabo fil na tsara rubutu. Ya karɓi kwalbar ya ajiye a kan tebur. Washegari takardar ta koma fara tas, sifirit ɗin kuma ya yi shuɗi.

"To, Lawal," in ji shi, "daga ina wannan fara take?"

Na ce, "Malam, na manta."

Ya buɗe taga ya watsar da ita. Ya ce halittar da ba a san inda aka samo ta ba shara ce, ko da kuwa ta zinariya ce. Tun daga ranar ban sake taɓa biro a wurin aiki ba, sai dai in za a sa hannu a takardar hutu.

A daminata ta farko ya aike ni kududdufin Ƙofar Durbi in ɗebo talibambam. Kududdufi, ga waɗanda aka haifa a gidan bulo, shi ne ramin da ya samu saboda ƙasar da mutanen unguwa suke haƙa su yi gini. Da damina ya cika da ruwa, da rani ya bushe ya tsattsage, magina su kankare lakar gindinsa su yi yaɓe. Wannan na Ƙofar Durbi yana bayan wani layin gidajen gado. Na same shi kwana goma bayan ruwan farko mai ƙarfi, bakinsa yana ta motsi da wasu abubuwa masu babban kai da siririn baya. Cikin minti kaɗan na cika bokiti, na rubuta "talibambam" da fensir, na hau keke ina jin kaina.

Malam Ɗahiru ya tsamo ɗaya ya sa a farin faranti.

"Ƙirga wutsiya."

Na duba. Na ce, "Biyu."

"Kwaɗo nawa ka taɓa gani da wutsiya biyu?"

Ya sa hantsaki ya birkice shi. Sai ga ƙafafu jere reras, sun fi ƙarfin ƙirga da ido, jajaye-jajaye, suna kaɗawa bi da bi kamar iska ta ratsa gonar gero. Abin da na ɗauka kai ne ashe ɓawo ne mai faɗi da ya rufe gabansa, kamar an kife ɗan ƙaramin ƙoƙo. Shi ya sa Malam yake kiransa mai garkuwa. A littattafan ilimin halittu sunansa Triops, wato mai ido uku, kuma ba ƙari a ciki: manya biyu dab da juna a saman garkuwar, da ƙarami ɗaya a tsakaninsu. Shi ba kwaɗo ba, ba kifi ba. Dangin ƙaguwa ne. Talibambam jikinsa laushi gare shi, wutsiyarsa ɗaya ce mai faɗi. Wannan kuwa gaɓa-gaɓa ne, wutsiyarsa zare biyu, yana saɓa kamar maciji, kuma yakan yi iyo a rigingine idan iska ta yi ƙaranci a ruwa. Idan aka zo rarrabe irinsa da na wasu ƙasashe, sai an ƙirga gaɓoɓin baya da ba su da ƙafa, a kuma duba ko akwai wani ɗan fefe tsakanin zaren wutsiyar. Namu ba shi da shi. Na yi shekaru ina dubawa ko zan ci karo da mai shi, ban samu ba.

Aikin da Malam ya bar mini gado shi ne littafin rajista. A ciki muke rubuta kowane rami a birni da kewaye, da abin da aka samu a cikinsa kowace damina. Da littafin ya yi kauri sai tsari ya fito. Mai garkuwa ba ya zama inda ruwa ke kwana shekara, ba ya zama inda akwai kifi. Akwai wani babban tafki da na yi ta sa wa koma har na gaji, ban taɓa samun ko ɗaya ba. Amma wani ɗan kwari a Kambarawa, wanda akuya za ta tsallake, yakan cika da su wata shekara, wata shekarar kuma ko alama. Na Ƙofar Durbi shi ne bai taɓa ba ni kunya ba. Sirrin yana cikin ƙwansa. Kafin ruwa ya ƙafe ya riga ya zuba ƙwai a laka, ƙanana kamar yashi. Ƙwan yakan bushe tare da lakar ya yi shekaru yana jira. Idan ruwa ya sauka, kwana ɗaya ko biyu sai ya ƙyanƙyashe, ba kuma duka a lokaci ɗaya ba, wasu sukan jira wata daminar.

Saboda haka kowane rani nakan zaga ramukan in kankare saman lakar, kaurin yatsa biyu, in tankaɗe tsakuwa da kashin awaki, in zuba a ƙaramin buhu, takarda ɗaya a ciki, ɗaya ɗaure a baki. Matan Ƙofar Durbi sun saba ganina durƙushe a busasshen rami da rana tsaka. Malam Kwaɗo suke kirana. Wani mutum ya taɓa bina har gida, ya rantse ya san haɗin farin jini nake yi, in taimaka masa ko da cokali ɗaya ne. Na yi masa bayani dalla-dalla, ya saurara da kyau, ya ce ya gane, dama ba a faɗin irin wannan sirri a haɗuwar farko. Buhunan a gida nake ajiye su, a ɗan ɗakin da ke jikin zaure, domin mai kula da sito na kwalejin ya taɓa zubar mini da na shekara guda a gindin fulawa.

Mummunar shekarata ba ta fari ba ce, ta kwamiti ce. Bayan da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, a bazarar da ta biyo baya aka turo kwamitin tantance ma'aikata. An ce an gaji da biyan mutanen da ba su da aikin yi. Wanda kwamitin ya sa sunansa a jerin irin waɗannan, an kore shi ke nan, ba fansho. Ni kuwa saura shekara bakwai in cika shekarun aiki. Shugaban kwamitin da aka turo mana shi ne Alhaji Ƙasimu, dillalin siminti, wanda siyasa take yi da shi a lokacin. Ba mugu ba ne. Mutum ne da bai yarda da duk aikin da ba a loda shi a mota ba.

Bayan mun gaisa, na tambayi iyali da gajiya da jama'a, shi ma ya tambayi nawa, sai ya gyara tabarau.

"Malam Lawal, mene ne aikinka?"

"Tattara samfur, ranka ya daɗe."

"Da Hausa."

"Ina kama ƙwari da kwaɗi, ranka ya daɗe."

Sauran 'yan kwamitin biyu suka sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Na miƙa littafin rajista. Ya yi ta buɗawa ba tare da karantawa ba, har idonsa ya faɗa kan sunan unguwarsu.

"Ƙofar Durbi? Wane kududdufi? Na bayan gidanmu?"

"Shi fa, ranka ya daɗe."

"Mai garkuwa. Mai garkuwa. Mai garkuwa. Kowace shekara mai garkuwa. Wane ne shi, dogarin ruwa?" Ya rufe littafin. "Malam Lawal, a ramin nan na koyi iyo. Dukan da na sha saboda ramin nan Allah kaɗai ya san iyakarsa. Ban da talibambam da sauro babu komai a ciki."

Na kawo kwalaben da muka adana. Abin takaici, a shekarun ƙarshe na mulkin soja ba a saya mana sifirit ba, na cikin kwalaben ya tsane, halittun sun ƙanƙance sun yi baƙi. Alhaji ya ɗaga ɗaya ya girgiza, ta yi ƙara.

"Wannan ai ɓawon gyaɗa ne."

Ya ce kwamitin zai yi kwana goma sha huɗu a kwalejin. In kawo masa mai garkuwa da ransa, kuma na Ƙofar Durbi kamar yadda littafi ya ce, ba na wani gari ba. In ba haka ba, shi zai ɗauka zama nake a inuwa ina cika littafi da tatsuniya. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya ce, "Alhaji, a wannan zafin ko kwaɗo ai bai fito ba." Alhaji ya ce, "Shi ya ce yana nan." Ya kuma san abin da ni ma na sani: ramin babu shi. Shekara biyu kafin nan an cike shi, an dasa shaguna takwas a kai, kuma shagunan nasa ne.

Na ce na amince, na fito ko a jikina. Ina da buhu biyu na ƙasar Ƙofar Durbi da na kankare a ranin ƙarshe kafin a cike ramin.

Da na isa gida bayan la'asar na buɗe ɗan ɗakin, sai na same shi a share tas, har an yayyafa ruwa. Babu buhu ko ɗaya. Na shiga ciki na sami mahaifiyata, Inna, tana tsince shinkafa a gindin katangar tsakar gida. Katangar ta sha sabon yaɓe sumul. Mako guda ke nan da yin sa, kuma ni da bakina na tsaya na yaba, na ce ban taɓa ganin aikin Tanimu magini ya yi kyau haka ba.

Inna ba ta kiran sunana, domin ni ne ɗanta na fari.

"Kai, lahiya kake tsaye kamar an dasa ka?"

"Inna, buhunan da ke ɗakin zaure fa?"

Ta nuna katanga da haɓa. "Ga su nan."

"Duka?"

"Damina na tahe, katanga ta tsage, ƙasa na zamne cikin buhu kamar gero. Mi kake so in yi, in aika a sawo wajen masu jakai alhali ga ta a ɗaka? Shekara nawa kana tara ta, ban ga ka gina ko akurki ba."

"Da takardun da ke jiki?"

"Haba, ni mahaukaciya ce? A zubar da rubutu?"

Ta tashi ta ɗauko wani gwangwanin madara. A ciki ga takarduna kaf, na ciki da na baki, ta kakkaɓe su, ta jera, ta ɗaure da zare. Inna ba ta karanta boko, amma ba ta yarda takarda mai rubutu ta taɓa ƙasa, ko akwai sunan Allah a ciki. Na tsaya riƙe da Ƙofar Durbi da Kambarawa da sauran ramukan birni a hannu ɗaya, ƙasarsu kuma tana jikin katanga a cakuɗe. Ana cikin haka sai ga Tanimu ya leƙo karɓar magirbinsa da ya manta.

"Malam, sannu da hutawa. Don Allah in ka sake samun irin ƙasar nan ka tuna da ni. Tankaɗaɗɗiya, ba tsakuwa ko ɗaya. Hannu har kuka yake don daɗi."

Na zauna a kan turmi ina kallon katangar. Can na tuna wani abu da Malam Ɗahiru ya taɓa nuna mini: ƙwan mai garkuwa ba ya fashewa a cikin kwaɓaɓɓiyar laka. Sai ya sami ruwa mai yawa, ya taso sama, ya ga haske, ya ji ɗumi. Tanimu kuwa kwaɓawa ya yi ya shafa, rana ta busar a yini ɗaya. Na ɗauki wuƙa na kankaro tafi biyu daga katangar, Inna tana salati tana cewa boko ya ƙarasa ni. Na zuba a daro. Ruwan famfo ba ya yi saboda maganin da ake sa masa, ruwan sama kuma babu, don haka na zuba tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, na ajiye inda hantsi ke bugawa. A rana ta uku na sa madubi, sai ga wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan goro suna zillo. Yaɓe bai kashe su ba.

Sai dai waɗannan ba su da unguwa. Zan iya renonsu in kai wa Alhaji in ce na Ƙofar Durbi ne, ba zai taɓa ganewa ba. Amma in na yi haka, abin da ya zarge ni da shi ya tabbata, ko da shi bai sani ba. Ga shi kuma ɗan kasuwa ne, tambayar farko da zai yi ita ce wa ya ga lokacin da aka ɗebo. Abin da daron ya koya mini ya fi abin da ke cikinsa amfani. Idan ƙwai ya rayu a katangar Inna, to yana raye a duk bangon da aka yaɓe da lakar wancan rami. Gidajen da ke bakin ramin kuwa da ita suke yaɓe tun kakanni.

Washegari na koma gaban kwamiti.

"Ranka ya daɗe, izini nake nema in ɗebi ƙasa tafi biyu a gidanku na gado."

"A gidanmu? Na shafe gidan nan da siminti tun bara."

"Ban da ɗakin Gwaggo Rabi, ranka ya daɗe."

Ya dube ni ta saman tabarau. Gwaggo Rabi ƙanwar mahaifinsa ce, kuma duk Ƙofar Durbi an san ta kori leburorinsa da muciya, ta ce ba za a mayar mata da ɗaki tanda ba. Na ce kuma ba ni zan kankara ba, shi zai kankara da hannunsa a gaban 'yan kwamiti, ya ajiye daron a ofishinsa, mabuɗi a aljihunsa. Ya ga ba ta inda zan yi masa wayo, ya ce mu je.

Mun same ta da hantsi a rumfar ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Alhaji ya tattare babbar riga mai sitaci ya durƙusa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi matansa ɗaya bayan ɗaya, da yara, da ciwon ƙafarsa, sannan ta juyo kaina.

"A'a, Malam Kwaɗo! Kana nan? Tun da Ƙasimu ya binne maka gona ba mu sake ganinka ba."

Na yi mata bayanin abin da ya kawo mu. Na tambaye ta da wace ƙasa aka yi wa bangon rumfar yaɓe na ƙarshe.

"Da ta ramin mana. Ni na tsaya a kai, ranin da za a cike shi. Na ce a ɗebo mini kahin ya zuba sharar shi." Ta dubi Alhaji. "Ƙasimu, siyasar taku har ta kai ga rushe ɗakin tsohuwa?"

"Gwaggo, tafi biyu ne kawai. Wannan malamin ne yake cewa wai akwai wata dabba a ramin. Ni kuwa na ce masa a nan na koyi iyo, ban taɓa..."

"Kai? Iyo?" Ta ajiye mazari. "Yaushe? Kai da kake tsayawa a gehe kana riƙe wa yara riguna? Ko sawunka ba ka sawa, wai akwai abin da zai ja ka."

"Gwaggo, an yi mini duka saboda ramin nan."

"An yi maka, don ka ɓatar da rigar ɗan liman."

'Yan kwamitin biyu suka ga wani abu mai ban sha'awa a rufin rumfa suka tsaya kallonsa. Ni kuma na duƙufa ina gyara bakin jaka. Alhaji ya karɓi tsohuwar wuƙar Gwaggo ya kankari bangon, kamu biyu daga ƙasa, ƙura tana zuba a kan aikin rigarsa.

Da muka zuba ƙasar a daro da tataccen ruwa a ofishinsa, sai aiki ya koma jira, kuma nan na kusa faɗuwa. Ofishin da aka ba Alhaji shi kaɗai ne mai na'urar sanyaya ɗaki a duk kwalejin. Kullum da safe sai ya buɗe mini in duba daron, in tarar da labule a rufe, ɗaki kamar randa. Kwana biyu ruwan yana kwance shiru. Na roƙe shi a kashe na'urar a ɗaga labule.

"Malam Lawal, dabbar taka ma sai an yi mata shimfiɗa? Ba ka faɗi haka a sharaɗi ba."

Gaskiyarsa, ban faɗa ba. Na ƙirga kwanakin da suka rage, na ga ko da ya ƙyanƙyashe daga baya, in bai sami kwana biyar ya girma ba, ɗigo kawai zan nuna, kuma Alhaji zai ce 'ya'yan sauro ne.

A rana ta bakwai ta wa'adin kwamitin aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai bayan kwana uku. Injin wutar kwalejin kuma ba mai. Alhaji da kansa ya yaye labule ya wangale tagogi, ya zauna da 'yar shara yana fifita da fayil ɗin wani. Rana ta faɗo kan daron tun daga hantsi har azahar. Na yi shekaru ina jin ana tsine wa masu wutar lantarki, ni ma na taya, amma a wannan makon na sa su a addu'a. Rana ta tara na ga ɗigo biyar suna zillo. Ban faɗa wa kowa ba. Da wuta ta dawo, sai na lura Alhaji ya janye daron da kansa zuwa bakin taga, ya bar gefen labulen a ɗage.

Mai garkuwa ba shi da zumunci, babba yana cin ƙarami. Ranar ƙarshe biyu suka rage, kowanne ya kai ƙwayar wake. Na tsamo ɗaya da cokali na sa a farin faranti a kan teburin kwamiti, kusa da jerin sunayen da za a kora. Nawa yana na huɗu, an rubuta shi da fensir, abin da ya ɗan burge ni.

Alhaji ya leƙa. "Talibambam ne."

Na miƙa masa madubi. "Ranka ya daɗe, ƙirga wutsiya."

Ya daɗe. "Biyu."

"Ido fa?"

Ya matso har numfashinsa yana kaɗa ruwan. "Ɗaya, biyu... La'ilaha illallahu. Wannan na tsakiyar ma ido ne?"

Kamar an umarce shi, sai abin ya birkice ya hau iyo a rigingine, ƙafafun nan duka suna kaɗawa. Alhaji ya ja kujera baya har ta bugi bango.

"Wato wannan abin yana cikin bangon gidanmu?"

"Ƙwansa, ranka ya daɗe."

"Yana cizo?"

"Ba ya cizo."

"Ka tabbata?" Ya juya wajen 'yan kwamitin. "Ni dai tun ina yaro na san akwai wani abu a ruwan nan."

Ya ɗauki abin goge fensir ya goge sunana, ya hure takardar. Na yi godiya yadda ya kamata. Sannan na buɗe littafin rajista na rubuta: mai garkuwa, biyu, Ƙofar Durbi, bangon rumfar Gwaggo Rabi, kamu biyu daga ƙasa. Na yanko 'yar takardar da za ta shiga kwalba, na tura masa.

"Wannan kuma fa?"

"Ƙa'idar aiki ce, ranka ya daɗe. Wanda ya ɗebo samfur shi ke rubuta sunansa."

Ya zaro bironsa mai ruwan zinariya. Na ce a yi haƙuri, sai da fensir. Ya rubuta. A makon da ya biyo baya aka kawo mana sifirit jarka biyu, ba wanda ya ce ga wanda ya aiko. Kwalbar tana nan a kan kanta ta uku a ɗakin gwaje-gwaje. Duk ɗalibin da yake ganin aikin nan wasa ne, ya je ya karanta takardar da ke ciki, zai ga wanda aka rubuta a gurbin mai tattara samfur.

Kafin Tanimu ya je ya toshe ramin da muka yi wa Gwaggo, ta bar ni na ƙara kankarar mudu guda. Ita ce ƙasar wancan kududdufi ta ƙarshe da na sani a hannun wani. Na sa ta a sabon buhu, takarda a ciki, takarda a baki, na ƙara ta uku babba da ajami yadda kowa a gidan zai iya karantawa: wannan ba ta yaɓe ba ce. Na kai wa Inna na nuna mata. Ta bi rubutun da yatsa har ƙarshe, ta miƙo mini.

"Na gani," in ji ta. "In katanga ta sake tsagewa, sai ka liƙa mata takardar."